Hoton X-ray: Abin da ke Faruwa Daga Ƙofar Ɗakin Zuwa Karɓar Sakamako

Wayar da ke aljihun matashi tana iya ɗaukar hotuna ɗari kafin la'asar, amma akwai hoto guda da ya fi ƙarfinta. Shi ne wanda ake nema ranar da mutum ya faɗo daga babur, ko aka take masa ƙafa a filin ƙwallo, ko tari ya ƙi sakinsa har mako uku. Likita ya duba, ya latsa wurin, ya jawo 'yar takarda ya yi rubutu, ya ce a je a yi hoto a dawo.

Daga nan zullumi yake farawa. Wani ya taɓa jin cewa hoton yana shan jini, wani an ce masa yana rage kwana, wata kuma an gaya mata yana hana haihuwa. Akwai wanda zai ninke takardar ya jefa a aljihu, ya zarce wurin mai ɗori ko kemis. Sai bayan wata biyu, da hannu ya kama a karkace, a dawo asibiti ana neman gyara mai tsada da wahala.

Na'urar da ake jin tsoron nan kyamara ce. Duk wanda ya san abin da ke sa hoton waya ya yi kyau ko ya lalace, ya riga ya san rabin labarinta.

Kyamarar da ke ɗaukar inuwa

Idan aka kunna tocilar waya cikin duhu aka ɗora yatsa a kanta, yatsan zai yi ja, domin wani ɓangare na hasken ya ratsa tsoka ya fito. Hasken X ɗan gida ɗaya ne da wannan haske, da kuma siginar rediyo da ta waya, sai dai ƙarfinsa ya ninka nasu nesa ba kusa ba. Ido ba ya ganinsa, kuma yana ratsa fata da tsoka kamar yadda hasken rana ke ratsa labule mai shara-shara.

Kyamarar waya tana kama hasken da ya bugi fuska ya dawo. Na'urar asibiti kuwa tana sa mutum ne a tsakiya: kan na'urar da ke fitar da haske a gefe guda, farantin da ke karɓarsa a ɗaya gefen. Abin da faranti yake ɗauka inuwa ce. Ƙashi yana ɗauke da sinadarin kalsiyam, yana tare yawancin hasken, sai ya fito fari. Iskar da ke cikin huhu ba ta tare komai, sai ta fito baƙa. Kitse da tsoka da ruwa suna tsakatsaki, ruwan toka mai duhu ko mai haske. Ƙarfe shi ne ya fi kowa tarewa, shi ya sa tsabar kuɗin da yaro ya haɗiye take fitowa fara tas.

Wani masanin kimiyya Bajamushe, Wilhelm Rontgen, shi ya gano wannan haske ranar 8 ga Nuwamba, 1895, a birnin Wurzburg. Da yake bai san ko mene ne ba, sai ya laƙaba masa harafin X, wanda masu lissafi ke sa wa abin da ba a sani ba. A watan Disamba na shekarar ya ɗauki hoton hannun matarsa, Anna Bertha, ƙasusuwan yatsunta da zobenta suka fito. Ta yi kusan minti 15 hannunta a ajiye kafin hoton ya kamu. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin fiziks, kuma bai yi rajistar mallakar abin da ya gano ba, ya bar wa duniya.

A yau aikin da ya ci minti 15 ba ya cin daƙiƙa ɗaya. Cikin kan na'urar akwai kwalbar da aka zuƙe wa iska, da siririyar waya ta ƙarfen tungsten mai yin zafi kamar ta tsohon ƙwan fitila. Ana ingiza ƙwayoyin lantarki daga wannan waya su bugi wani ƙarfe da ƙarfin da ya kai volt 50,000 zuwa sama da 120,000, gwargwadon kaurin wurin da za a ɗauka. Batirin waya kimanin volt 4 ne kawai. Kusan kashi 99 cikin 100 na wannan ƙarfi zafi yake zama, ɗan ragowar ne ke fita a matsayin hasken X. Da an saki maɓalli, hasken ya ƙare, kamar an kashe fitila.

Fim, kaset da dijital

Yadda hoton biki ya tashi daga fim ya koma waya, haka na asibiti ya bi. Ana iya cin karo da tsari uku. Na farko shi ne tsohon fim, wanda ake shiga da shi ɗaki mai duhu a wanke da sinadarai a shanya. Na biyu kaset ne mai farantin da ke riƙe hoton, a saka shi cikin wata na'ura ta karanta shi da hasken leza ta tura kwamfuta. Kamfanin Fuji na Japan ne ya fito da wannan a 1983. Na uku shi ne faranti na dijital kai-tsaye. A yawancinsu akwai wani shafe da ke mayar da hasken X ya zama haske na yau da kullum, sannan miliyoyin ƙananan idanu na lantarki su karanta shi, kwatankwacin sensar kyamarar waya amma mai faɗin faifan tire. Hoton yana bayyana a allo cikin 'yan daƙiƙu.

Amfanin dijital ga mara lafiya a fili yake. Ma'aikaci yana ganin hoton nan take, yana iya ƙara masa haske ko duhu a kwamfuta ba tare da an sake ɗauka ba, kuma ana iya tura shi ga likitan da ke wani gari.

Shiri kafin a shiga

Hoton ƙirji ko na hannu ko na ƙafa ba ya buƙatar zama da yunwa. Mutum ya ci abincinsa, ya sha maganinsa yadda ya saba. Abin da zai riƙo shi ne takardar likita, domin a cikinta aka rubuta wurin da za a ɗauka da abin da ake zargi. Idan an taɓa yin hoton wurin a baya, a zo da tsohon. Wani lokaci tsohon hoto yana hana a yi sabo, wani lokaci kuma kwatanta su biyun ne ke nuna ko tabon da aka gani sabo ne ko ya shekara biyar a wurin.

Babban aiki yana wurin tufafi da kayan jiki. Duk abin da ya shiga tsakanin haske da faranti zai fito a hoton, kuma yana iya rufe daidai wurin da ake nema. Sarƙa, 'yan kunne, zobe, agogo, bel, zik, maɓallan ƙarfe, rigar nono mai waya ko maɗauri, allurar hijabi, jigida, carbi da mabuɗan da ke aljihu, duk ana cire waɗanda ke kusa da wurin. Laya da guru ma suna fitowa, don haka gara a faɗa tun kafin a fara. Aikin wuya mai kauri na kaftani yana iya barin zane a hoton ƙirji. Dogon kitso ko ƙarin gashi da ya sauko gadon baya yana iya yin inuwa a saman huhu ya yi kama da cuta, shi ya sa ake cewa a tattare shi sama. Riga mai laushi marar ƙarfe ita ce mafi sauƙi, kuma wurare da yawa suna ba da rigar asibiti da wurin canza kaya.

Wayar hannu da abin sauraro na kunne su ma ana ajiye su gefe. Hasken X na asibiti ba ya goge hotuna ko lambobin da ke cikin waya, kamar yadda na'urar binciken jaka a filin jirgi ba ta gogewa. Matsalarta kawai ita ce ta fito ɓaro-ɓaro a kan ƙashin ƙugu.

Ƙarfen da ke cikin jiki, kamar wanda aka ɗaure karaya da shi ko na'urar daidaita bugun zuciya, ba ya hana wannan hoto. A dai sanar da ma'aikacin. Mace tana da damar neman mace ta ɗauke ta idan akwai, ko ta nemi wata ta tsaya kusa lokacin da ake gyara mata tsayuwa.

Cikin ɗakin

Ma'aikacin hoto zai tambayi suna da shekaru da wurin da ke ciwo, ya tabbatar dama ce ko hagu. Ɗakin yakan yi sanyi saboda na'urar. Akwai gado mai tauri, da faranti a tsaye jikin bango, da kan na'urar da ake ja sama da ƙasa. Za a ga wani haske mai kusurwa huɗu da alamar gicciye ya sauka a jiki. Wannan fitila ce kawai ta saiti, tana nuna iyakar inda hasken X zai sauka, kuma ma'aikaci yana tsuke ta don kada hasken ya taɓa inda ba a buƙata. Zai kuma manna ƙaramin harafi, R ko L, a gefen faranti, don kada a rikita dama da hagu.

A hoton ƙirji, mutum yana tsayawa ya manna ƙirjinsa da faranti, ya ɗaga haɓa, ya ɗora bayan hannuwa a ƙugu, ya turo kafaɗu gaba don allon kafaɗa ya kauce daga kan huhu. Na'urar tana bayansa da tazarar kusan santimita 180. Ana yin haka ne don zuciya ta kasance kusa da faranti. Idan ta yi nisa da shi inuwarta tana ƙara girma, kamar yadda hannu ke zama ƙato a bango idan aka matso da shi kusa da fitila, sai a zaci zuciyar ta kumbura.

Daga nan ma'aikaci zai koma bayan wani shinge mai taga, ya ce a ja numfashi sosai a riƙe. Jan numfashin yana buɗe huhu ya cika da iska, riƙewar kuma tana hana motsi. Wanda ya taɓa ɗaukar hoto da dare hannunsa na rawa ya san sakamakon. Za a ji ɗan ƙara ko ƙyas, shi ke nan. Babu zafi, babu jan lantarki, babu abin da ake ji a jiki.

A hoton ƙashi akan ɗauka sau biyu aƙalla, ta gaba da ta gefe, domin karayar da ta ɓuya ta wannan fuska tana iya bayyana ta waccan. A nan ne kawai ake iya jin ciwo, wurin juya hannu ko ƙafar da ta ji rauni. Idan wani juyi ya gagara, a faɗa, akwai dabarun juya na'urar a maimakon mutum. Gaba ɗaya aikin bai cika wuce minti 10 zuwa 15 ba, yawancinsa gyaran tsayuwa ne. Akan ce a ɗan jira a duba hoton. Idan an ce a sake, galibi motsi ne ko wani gefe ya yanke, ba wai an ga mugun abu ba.

Me ya sa ma'aikacin yake ɓuya?

Wannan ita ce tambayar da ke zuciyar kowa: in dai babu illa, don me shi yake shigewa bayan bango? Amsar lissafi ce. Mara lafiya hoto ɗaya zai yi ya tafi, wataƙila sai bayan shekaru ya sake. Ma'aikaci kuwa yana iya ɗaukar mutane da dama kullum, shekara da shekaru. Shi ya sa yake tsayawa bayan shinge da gilashi masu dalma, yake kuma maƙala wani ɗan baji a rigarsa mai auna abin da ya taru a jikinsa.

Gaskiya ne hasken X yana cikin nau'in radiyeshin mai ƙarfin taɓa ƙwayoyin halitta, kuma a nan ya bambanta da siginar waya da ta Wi-Fi, waɗanda ba su da wannan ƙarfi. Idan ya yi yawa ya taru, yana ƙara yiwuwar kamuwa da ciwon daji a gaba. Abin dubawa shi ne adadi. Ana auna shi da ma'aunin milisibat, a taƙaice mSv. Kowane ɗan Adam yana samun kimanin 2.4 a shekara, a matsakaicin lissafin duniya, daga ƙasa da duwatsu da iska da abinci da sararin sama, ko bai taɓa taka asibiti ba. Hoton ƙirji kimanin 0.1 ne, wato abin da mutum ke samu cikin kwana goma zuwa mako biyu yana zaune a gida. Hoton hannu ko ƙafa kimanin 0.001 ne, na 'yan sa'o'i. Hoton ƙashin baya ta wajen ƙugu ya fi su, kimanin 1.5. Hoton CT na ƙirji, wanda shi ma da hasken X yake aiki amma yana zagaye jiki yana ɗauka yanki-yanki, yana kaiwa 6 zuwa 7.

Ma'anar waɗannan alƙaluma ita ce, hoton da likita ya nema don dalili, amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa da nisa. Karayar da ba a gani ba ko ciwon huhun da aka bari ya ci jiki sun fi hoton haɗari. Abin gudu shi ne hoto barkatai: mutum ya je da kansa a yi masa hoto don kawai ya ga cikinsa, ko a yi ta maimaita hoto ɗaya a asibitoci uku saboda ya bar na farko a gida.

Hasken ba ya zama a jiki. Ba ya shan jini, ba ya bin mutum gida. Wanda aka yi wa hoto zai iya ɗaukar jariri nan take, mai shayarwa ta ci gaba da shayarwa, direba ya hau motarsa. Madarar da wasu ke cewa a sha bayan hoto abinci ce mai kyau, amma babu abin da take wankewa, don babu abin da ya rage. Adadin da ke cikin hoto irin wannan kuma ya yi ƙasa ƙwarai da wanda zai taɓa haihuwar namiji ko mace.

Mai ciki da ƙananan yara

Za a tambayi mace ko tana da ciki, ko yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe. Tambayar tana iya zama da nauyi, musamman a gaban miji ko uwa ko suruka, amma amsarta tana da muhimmanci, domin ɗan tayi ya fi babba saurin jin radiyeshin. Wadda ba ta da tabbas ta ce ba ta da tabbas, kuma tana iya neman a yi maganar a keɓe. Ciki ba ya haramta hoto gaba ɗaya. Hoton hannu ko haƙori ko ƙirji yana nesa da mahaifa. Na ciki da ƙugu da ƙashin baya su ne likita zai sake aunawa, ya ɗaga ko ya canza zuwa sikanin.

Yara ana rage musu adadi daidai jikinsu. Idan yaro ba zai tsaya ba, akan nemi babba ya riƙe shi, a sa masa riga mai nauyi ta dalma. Mai ciki ba ta yin wannan aiki. Shi kansa mara lafiya, a da akan rufa masa dalma a mara. Tun 2019 ƙungiyar masana fiziks na asibiti ta Amurka ta ba da shawarar a daina yin haka a kowane hoto, saboda na'urorin zamani sun rage adadin sosai, kuma rufin yana iya kare abin da ake nema har a sake ɗauka. Don haka wani wuri za a rufa, wani wuri ba za a rufa ba.

Hoton da ake haɗawa da magani

Hanji da ƙoda da mahaifa ba sa fitowa sosai da kansu, sai an zuba musu abin da ke tare haske. Don duba maƙogwaro da ciki akan ba da wani farin ruwa mai kauri na sinadarin bariyom a sha. Wannan yana buƙatar zuwa da ciki babu komai, kuma bayan gida yana iya yin fari kwana ɗaya ko biyu, sai a yawaita shan ruwa. Don duba ƙoda da mafitsara akan yi allurar ruwa mai sinadarin aidin, wanda ke sa a ji ɗumi ya ratsa jiki da ɗanɗanon ƙarfe a baki na ɗan lokaci. Mai ciwon ƙoda, mai asma, mai shan maganin suga na metformin, da wanda irin wannan allura ta taɓa yi wa illa, dole su faɗa tun kafin a fara. Hoton bututun mahaifa da ake yi wa masu neman haihuwa kuma ana tsara shi ne bayan ɗaukewar al'ada, cikin kwana goman farko daga ranar da ta fara.

Sakamako da tarkon WhatsApp

Mutum biyu ne ke aikin. Ma'aikacin hoto shi ke ɗauka, likitan hoto shi ke karantawa ya rubuta rahoto, sannan likitan da ya aiko ya haɗa rahoton da abin da ya gani a jikin mara lafiya. Idan ma'aikaci ya yi shiru bai ce komai ba, ƙa'idar aikinsa ce. Na gaggawa akan duba nan take, sauran kuma ya danganta da wurin, don haka a tambayi ranar karɓa kafin a fita.

Abin da matasa suka saba yi shi ne ɗaga fim a taga, a ɗauka da waya, a tura wa wani ɗan uwa ma'aikacin lafiya. Asalin hoton dijital yana cikin tsarin fayil da ake kira DICOM, wanda ke iya riƙe matakan fari da baƙi 4,096 ko fiye. Hoton waya na JPEG 256 kawai yake riƙewa, sannan WhatsApp ya ƙara matse shi. Siririn tsagewar ƙashi ko ƙaramin tabo a huhu suna iya ɓacewa a hanya, ƙarfen taga da ganyen bishiya kuma su shigo cikin hoton.

Mafi kyau a nemi asalin fayil ɗin a faifan CD ko filash ko imel idan wurin yana bayarwa. Idan dole sai an ɗauka da waya, a buɗe farin shafi a allon kwamfuta a ƙure haskensa, a ɗora fim a kai, a kashe fitilar ɗaki da filashin waya, a tsaya saiti ba a karkace ba, a tabbatar harafin R ko L ya fito, sannan a tura a matsayin fayil. Sunan mutum da shekarunsa suna rubuce a gefen fim, don haka a rufe su kafin hoton ya shiga wani zaure. Fim kuma a ajiye shi a shimfiɗe cikin ambulan ɗinsa, nesa da rana da danshi.

Inda ƙirƙirarriyar basira ta shigo

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajojin kwamfuta wajen karanta hoton ƙirji don tantance tarin fuka a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa sama. Wannan ya shafi Najeriya kai-tsaye, domin ita ce kan gaba a Afirka a yawan masu cutar, ga kuma ƙarancin likitocin hoto. Manhaja irin CAD4TB tana duba hoton ta ba shi maki daga 0 zuwa 100, ta kuma yi wa wurin da take zargi launi. Ƙungiyar KNCV ta yi amfani da ita a motocin da ke shiga unguwanni da na'urar hoto, har da Kano, kuma yanzu akwai na'urorin da ake goyawa a jakar baya a kai ƙauye.

Duk da haka manhajar tantancewa take yi. Wanda makinsa ya hau, sai an gwada majinarsa a na'ura irin GeneXpert kafin a ce yana da cutar. Gwajin majina da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya, kuma tarin da ya kai mako biyu ya isa dalilin zuwa. Waɗannan manhajoji an gina su don aiki guda kuma an gwada su a kansa. Manhajar hira da ake loda wa hoton fim a tambaye ta ba ta cikin wannan sahu. Su kuwa manhajojin da ke cewa suna mayar da kyamarar waya na'urar ganin ƙashi, wasa ne da talla, babu wayar da ke fitar da hasken X.

Abin da hoton ba ya gani

Hoton yana da iyaka. Ba ya nuna zazzaɓin cizon sauro ko taifot. Jijiyoyin da ke ɗaure gwiwa da idon sawu ba sa fitowa sosai, don haka ɗan ƙwallo zai iya samun hoto mai kyau alhali jijiya ta tsinke. A nan MRI ke shigowa, wadda ke aiki da maganaɗisu mai ƙarfin gaske, kuma ita ce ba a shiga ɗakinta da waya ko katin ATM ko wani ƙarfe. Sikanin da ake yi wa masu ciki da sauti yake aiki, babu hasken X a cikinsa. Akwai kuma karayar da ba ta fitowa a ranar farko, kamar ta wani ƙaramin ƙashi a wuyan hannu ta gindin babban yatsa, wadda ake samu idan an faɗi an dafa ƙasa. Likita kan ɗaure hannun ya ce a dawo bayan kwana 10 zuwa 14 a sake. Idan an ce hoto lafiya lau amma ciwo bai ragu ba, a koma.

Wurin da za a yi hoton ma abin dubawa ne. A Najeriya hukumar NNRA ce ke ba da lasisin na'urorin da ke fitar da radiyeshin, hukumar RRBN kuma ita ke yi wa ma'aikatan hoto rajista, waɗanda jami'o'i irin su Bayero a Kano da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Maiduguri ke horarwa. Wuri na ƙwarai yana da alamar gargaɗi a ƙofa, ana rufe ƙofar lokacin ɗauka, ba a barin 'yan rakiya su cika ɗakin, kuma ana tambayar mace batun ciki.

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a bar gaban likita, mutum ya tambayi abin da ake nema a hoton, ya faɗi idan an yi masa irinsa kwanan nan, ya kuma ji wanda zai kai wa sakamakon. Bayan an gama, ya buɗe manhajar rubutu a wayarsa ya ajiye layi ɗaya: kwanan wata, sashen jikin da aka ɗauka, da sunan asibitin. Ranar da wani likita ya tambaya ko an taɓa yi, amsar tana aljihu.